Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Takardar da Inna Ta Ƙi Amsawa

A makon jiya na tsaya a inda aka ɗauke ni aikin tafinta, ni da ban taɓa riƙe albashi ba sai cinikin kokon mahaifiyata. Masu aikin likitoci ne da ɗalibai daga wata jami'a, tare da wata Baturiya da ta samo kuɗin binciken. So suke su san yadda hawan jini da ciwon suga suka yi yawa a unguwannin Zongo na Kumasi, wajen Asawase da Aboabo, inda aka haife ni. Su Turanci da Twi suke ji, mu kuwa a Zongo Hausa ce ke haɗa Bazabarme da Bamoshe da Bakotokoli da Badagombe. Dalilin nemana ke nan.

Da shirinsu suka zo. An buga takardun tambayoyi, an tsayar da ranakun awo, an ma zaɓi ɗakin shan maganin da mutane za su riƙa zuwa da ƙarfe tara na safe. Mu da za a auna kaɗai ne ba mu da labari.

Gidanmu na fara kai su, ina ganin nan zai fi sauƙi. Inna, kakata ta wajen uba, tana kan tabarma tana tsince gero a faifai. Ta faɗi sunanta, ta kintaci shekarunta tana dariya. Da na karanto tambaya ta gaba, cewa daga wace ƙasa iyayenta suka fito, kuma tana da takardar zama ko babu, sai ta ajiye faifan.

"Ke 'yar nan, Busia ne ya dawo?"

"A'a Inna, maganar lafiya ce."

"To lafiyata lau. Ki ba baƙinki ruwa su sha."

Ga masu karatu na Najeriya da Nijar da ba su san wannan ba: a watan Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Mutane dubbai suka kwashe ya-nasu-ya-nasu, wasu suka sayar da gidaje a wulaƙance. Uban Inna Bakatsine ne da fataucin goro ya biyo da shi ta Salaga, ita kuwa a Kumasi aka yanke mata cibiya, amma yayanta yana cikin waɗanda suka hau mota, kuma ba su sake ganin juna ba. Tsohuwar da ta ga wannan, ka zo mata da biro kana tambayar asalinta, me kake tsammani?

A majalisar maza kuma wata matsalar ce daban. Mutanenmu ba sa rabo da rediyo, sun ji labarin gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin sanƙarau a 1996, sun ji rigimar allurar shan-inna ta 2003. Wani dattijo mai sayar da goro ya dubi kwalaben da ke cikin akwatinmu ya ce, "'Yata, tambaye su, jinin namu ina za a kai shi?" Amsar tana cikin takarda mai shafi da yawa da Turanci, wadda ko ni sai da na karanta ta a hankali.

Aiki ya cije. Babban likitan, Ba'asante ne mai haƙuri, ya tambaye ni mafita. Na ce masa wannan ta fi ƙarfina, sai dai a je fadar Sarkin Zongo, kuma kada a je da takardar a matsayin abin da aka gama.

Aka yi zama. Akwai liman, akwai magajiyar mata, da wakilin Zabarmawa, da wata mata mai kula da 'yan matan nan kayayei da ke dakon kaya a kasuwar Kejetia. Magajiya ba ta ɓoye ba, ta ce, "Ranka ya daɗe, sun tuƙa tuwonsu sun kwashe, sannan suka zo tambayar wace miya muke sha." Sai da na yi tunani kafin in fassara, amma na fassara yadda ta faɗa.

Tambayar asali ta fi cin lokaci. Baturiyar ta ce in an cire ta binciken ya tashi a banza, tunda dai abin da take nema shi ne ko lafiyar baƙi ta bambanta da ta 'yan gari. Ni dai na ga tana da hujja. Aka tsaya a kan cewa maganar takardar zama a share ta gaba ɗaya, tambayar asali ta koma ƙarshe, wanda ya ga dama ya amsa, kuma lamba za a sa a takarda maimakon suna. Liman ya ce a taƙaita bayanin jinin a shafi ɗaya, shi zai rubuta da ajami don tsofaffi, ya kuma karanta bayan sallar Juma'a. Mata, mace ce za ta ɗebi jininsu.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar lokaci. Awon suga na buƙatar mutum bai ci komai ba tun dare. Wa zai kai ƙarfe tara a Zongo bai sha koko da ƙosai ba? Mahaifiyata tun kafin kiran assalatu take hura wuta, 'yan kayayei kuwa in sun bar kasuwa da hantsi sun rasa abincin ranar. Wakilin Zabarmawa ne ya ce a kawo teburin ƙofar masallaci, a auna mutane suna fitowa daga sallar Asuba. Haka aka yi. Muna kafa tebur da fitilar caji, ma'aikaciyar jinya na soka ɗan yatsa, ni ina rubuta lamba, mahaifiyata kuma ta matso da tukunyarta gefe, duk wanda aka gama da shi ya wuce ya karya. Ciniki ta yi sosai a watannin nan, har take tambayata ko ba za a ƙara wani binciken ba. 'Yan kayayei aka ware musu ranar Lahadi, a inda suke kwana.

Magajiya ta ƙara sharaɗi guda da babu shi a tsarin farko: duk wanda aka auna a faɗa masa sakamakonsa nan take, in an ga ciwo a haɗa shi da asibiti. Nan aka gano da yawa katin inshorar lafiyarsu, wadda aka kafa tun 2003, ya daɗe da mutuwa, wasu tsofaffin ma ba su san wanda ya kai shekara 70 an yafe masa kuɗin shekara ba. Sai sabunta kati ya zama rabin aikina.

Inna ba ta zo ba sai da ta ji liman ya karanta takardar da bakinsa. Ta miƙa hannu aka ɗaura mata abin awo, ta amsa komai, da aka zo tambayar ƙarshe ta ce a tsallake. Jininta ya hau ƙwarai, likita ya rubuta mata magani a ranar.

Shan maganin kuwa wani yaƙi ne, don akwai mai maganin gargajiya a layinmu da Inna ta fi yarda da shi fiye da kowane likita. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.