Fentin ƙarfe daga ƙasa yake lalacewa

Ƙannena masu koyon fentin ƙarfe, abin da ya fi janyo mana asara a wannan sana'a shi ne gaggawar buɗe gwangwani. Idan fentin ƙofa ya ɓare bayan damina ɗaya, da wuya laifin ya zama na fentin. A ƙarƙashinsa matsalar take.

Sabon ƙarfe yana zuwa da wani baƙin ɓawo daga masana'anta. A ido sai ka ce kariya ne, amma da danshi ya shiga ƙarƙashinsa sai ya tashi, ya tafi da fentin gaba ɗaya. A gurje shi har ƙarfen ya yi fari da ɗan kaushi, don a kan kaushin fenti yake kamawa. Amma a fara goge maiko da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi. Buroshin waya ba ya cire maiko, baza shi yake yi ko'ina. A kankare kashin walda, a rage kaifin gefuna, sannan a shafa musu fenti da buroshi daban, domin nan ne fenti ya fi sirancewa, nan kuma tsatsa take farawa.

Ranar da aka gurje, a ranar za a yi shafin farko. Ƙa'ida ita ce zafin ƙarfen ya ɗara matakin da raɓa ke sauka da digiri 3 na ma'aunin Celsius, danshin iska kuma kada ya wuce kashi 85 cikin 100. Ke nan ban da asubar damina. Ban da tsakar ranar bazara ma, lokacin da fentin ke bushewa kafin ya kwanta, ya bar ƙananan ramuka. Da hunturu kuwa a yi a cikin rumfa, saboda ƙura.

Ƙarfe mai rufin tutiya ba ya shiri da fentin mai: su biyun suna haɗuwa su yi wani abu kamar sabulu, fentin ya saɓule. Irin wannan ƙarfen yana da shafin farko nasa na musamman.

Ifoksi kuma, wato fentin da ke zuwa kashi biyu, shi kansa fentin da mai daskarar da shi, a auna kowane kashi da mudu, yadda aka rubuta a gwangwanin, kada a ƙiyasta da ido. Idan mai daskarar da shi ya yi kaɗan, haka zai zauna yana danƙo. A dama iya wanda za a ƙarar nan take, don zafi yana saurin daskarar da shi. Rana tana mayar da fuskarsa gari, shi ya sa ake rufe shi da wani fenti mai jure rana da ake kira foliyuretan. Don Allah kada ku fesa foliyuretan ba tare da takunkumi mai matatar sinadari ba. Na kyalle ba ya tare tururinsa, tururin kuwa yana haddasa asma.