Yadda na ƙera ƙaramin jirgin gyaɗa

Kamfanonin da ke yin ƙananan jiragen ƙasa na sha'awa, irin su Hornby a Ingila da Märklin a Jamus da Bachmann, masu sayensu suke yi wa kaya. Jiragen Turai da na Amurka ne suka cika kantunansu. Wanda yake son ganin irin jirgin da ya riƙa kwasar gyaɗa daga Kano zuwa bakin teku yana tafiya a kan teburinsa, sai ya zage damtse ya yi da hannunsa. Abin da na yi ke nan: kan jirgi ɗaya mai aiki da tururi, da jerin taragun kaya a bayansa.

Kafin a yanka komai sai an warware maganar faɗin layi, domin a kanta komai ya rataya. Tsohon layin dogonmu, wanda ya iso Kano a 1911, faɗinsa tsakanin ƙarfe da ƙarfe ƙafa uku da rabi ne, wato milimita 1,067. Na Turai milimita 1,435 ne, kuma shi ne faɗin sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Ƙaramin layin da aka fi samu a kasuwa, wanda ake kira HO, faɗinsa milimita 16.5 ne, an rage komai sau 87. Mai son kwaikwayon jirgin Abuja, wannan ya ishe shi. Amma idan ka rage tsohon layinmu sau 87, abin da za ka samu milimita 12 ne da 'yan kai. Akwai layin milimita 12, ana yin sa a Jamus, sai dai injinansa tsada ne da su, ga wuyar samu.

Dabarar da na bi ta mutanen New Zealand ce da wasu sassan Ostireliya, waɗanda faɗin layinsu ɗaya ne da namu. Sukan bar layin HO yadda yake, su ƙara girman jikin jirgin, su rage sau 64 maimakon 87. Ka raba 1,067 gida 64, za ka samu 16.7. Bambancin da ke tsakaninsa da 16.5 ido ba ya gani. Ke nan ƙafafu da injin da layin duk na HO ne, ana samun su na hannu da araha, gangar jikin kawai za ka gina. A nan ne kamannin jirginmu yake fitowa: jiki mai faɗi ya zauna a kan siririn layi, ya leƙo ta kowane gefe. Ko yaya ka iya fenti, idan babu wannan kamanni, wanda ya taɓa tsayawa a tashar Zariya zai ce maka jirgin nan baƙo ne. Akwai kuma wata garaɓasa: yawancin ƙananan motocin wasan yara na Matchbox da Hot Wheels girmansu ya yi kusa da wannan ma'auni, don haka motocin da za a ajiye a harabar tasha ba su da wahala.

Kan jirgin da na zaɓa shi ne wanda ake kira River, saboda sunayen koguna aka sa musu. Kamfanin Vulcan Foundry na Ingila ya ƙera wa reluwen Najeriya su a 1948. Jerin ƙafafunsa 2-8-2 ne: ƙanana biyu a gaba, manya takwas masu jan kaya, biyu a ƙarƙashin ɗakin direba. Tsayin babbar ƙafar ƙafa huɗu ne, wanda a ma'aunina ya zama milimita 19. Sai ga shi kan jirgin Amurka da ake kira Mikado, mai irin wannan jeri, ƙafarsa ta inci 63 tana zama milimita 18 da ɗoriya a HO. Na sa wani ɗan'uwa ya taho mini da na hannu daga Ingila, na kwance jikinsa na ajiye, na riƙe ƙasan.

Ma'aunin sauran sassan daga tsofaffin hotuna na ɗauko. Ana neman hoton da aka ɗauka daga gefe sosai, a auna ƙafar da aka san tsayinta, sai ta zama mizanin komai: tsawon tukunya, tsayin bututun hayaƙi, faɗin taga. Tukunyar tururin na yi ta da bututun roba na wayar lantarki mai milimita 25, irin wanda masu wayarin ke binnewa a bango. Ɗakin direba da taragon ruwa da kwal kuwa da fallen roba na sitairin na yi su, mai kaurin milimita ɗaya. A lura, gam ɗin sitairin narka robar yake yi ya haɗe ta, amma ba ya cin bututun wayarin, don haka wurin haɗa su biyu sai sufa gulu ko gam mai haɗi biyu. Kawunan ƙusoshin da ke jere a jikin ƙarfe kuwa, ana samun falle siriri mai rubu'in milimita, a danna shi ta baya da dakusasshiyar allura, sannan a manna a kan mai kaurin. Aiki ne mai cinye dare. Na sa babbar fitila a goshi da shingen ƙarfen nan na ture dabbobi daga kan layi, na ja maƙamai da siririyar wayar tagulla.

Duk wannan ado shi mutane ke yabawa, amma a ganina rabin aikin yana ƙasa, inda ba mai leƙawa. Jirgin nan ta layi yake shan wuta, ta inda ƙafa ta taɓa ƙarfe, wurin da bai kai kan allura ba. A Ingila ƙurar ɗaki suke kuka da ita. Mu kuwa hunturu gare mu. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ka goge layi da safe, kafin la'asar jirgin ya fara tafiya yana sarƙewa, fitilarsa na ƙiftawa. Abu uku suka raba ni da wannan ciwon kai. Na ƙara wayoyin ɗaukar wuta a ƙafafun taragon kwal, ta yadda idan ƙafa ɗaya ta hau ƙura wata za ta kama. Na cire duk ƙafafun roba na taragu na sa na ƙarfe, domin na roba datti suke tarawa suna shafa wa layi. Sannan na sa masa 'yar kafasita mai riƙe wuta na ɗan lokaci, wadda ke tura shi ya wuce wurin da wuta ta yanke.

Kafasitar tana tafiya ne da tsarin da ake kira DCC, inda ake sa ƙaramar dikoda, wato na'urar da ke karɓar umarni ta sarrafa injin, a cikin kowane kan jirgi, wuta na kan layi kullum, umarni ne ke bi ta cikinta. Kowace sabuwar dikoda da lamba 3 take zuwa, kai ne za ka sauya mata. Saitin da ya fi burge ni shi ne CV3 da CV4, na tashi da na tsayawa. Idan ka ɗaga su, jirgin ba zai zabura ba, zai ja jiki a hankali kamar mai ɗauke da nauyin gaske. Kafin a haɗa dikoda dole a tabbatar wayoyin injin biyu ba su taɓa ƙarfen jiki ba, in ba haka ba ta ƙone nan take. Lanƙaya wayoyin da dalma wani mai gyaran waya na kai wa, don hannunsa ya fi nawa natsuwa. Ya juya abin ya sake juyawa, ya ce, "Alhaji, wannan na yara ne ko naka?" Na ce masa nawa ne, yara kallo kawai aka yarje musu.

Layi ba a goge shi da sanfefa, tana barin ƙarce da datti zai maƙale. Tsumma da ɗan sifirit ya isa. Mai kuma ɗigo ɗaya a bakin tsinke, na ƙananan injina wanda ba ya cin roba. Mai da yawa a ƙasar ƙura kwaɓa yake zama.

Taragu sun fi sauƙi, akwatuna ne a kan ƙafafu. Abin kula shi ne nauyi da tazarar ƙafa. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, ta ba da shawarar nauyin tarago a HO: giram 28, a ƙara giram 14 a kan kowane inci na tsawonsa. Da shi na yi aiki. Tarago marar nauyi a tsakiyar masu nauyi shi ke fara sauka daga layi a kwana. Dalmar da masu gyaran taya ke manna wa ƙafar mota na samo, na kwantar da ita can ƙasa a kan dandamalin taragon. Kada a manne dalma da farin gam na kafintoci, domin da daɗewa takan kumbura ta tsaga robar. Tazarar da ke tsakanin bayan ƙafa da bayan 'yar'uwarta kuma ta tsaya kusan milimita 14.5, a auna kowace ɗaya. Idan ƙasan taragon Ingila ka samu, ka yanke tagwayen matokaran nan na gaba da baya, don jiragenmu mahaɗi ɗaya ne da su a tsakiya. Na sa na kamfanin Kadee.

Buhunan gyaɗa sun ba ni nishaɗi fiye da komai. Buhun algarara a wannan ma'auni bai wuce milimita 15 ba. Na murza ƙullin gam mai daskarewa, na yayyanka, na danna kowane guntu da tsohon ƙyalle don saƙar ta fito. Dalar gyaɗa guda na yi a gefen tasha, irin waɗanda aka san Kano da su tun zamanin Alhassan Ɗantata. Cikinta farin soson kwalin firji ne, buhunan a waje kawai suke.

Fenti shi ne ƙarshe. Baƙi wuluk ba ya yi wa ƙaramin abu kyau, yana haɗiye duk adon da ka sha wahala a kai, don haka na sirka shi da ɗan toka-toka da ruwan ƙasa. Daga nan sai tsufa. Na samo jar ƙasa ta marmara, na daka, na tankaɗe, na gasa ta a tsohon kasko don ta bushe sarai. Kafin a yi amfani da ita sai an bi ta da maganaɗisu, saboda akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki, kuma injin jirgin da kansa maganaɗisu ne da shi, zai zuƙe su. Da busasshen buroshi na shafa ta a ƙafafu da ƙasan taragu, tana raguwa yayin da ake yin sama. Rufin kuwa baƙin hayaƙi ya samu, sai farin zane a inda ruwa ke tsiyaya daga tukunya. Bayan an fesa abin kare fenti marar ƙyalli rabin ƙurar yakan ɓace, sai an maimaita.

Zafin Afrilu yana lanƙwasa sitairin, musamman dogon bangon tarago da ba a tokare ta ciki ba. Kowane tarago na sa masa tokara biyu a ciki, kuma ba na ajiye su kusa da taga ko a ɗakin da ba silin. Yanzu ina tara ƙafafun layin milimita 12, wanda a ma'aunina ya yi daidai da siririn layin nan mai faɗin ƙafa biyu da rabi da ya taɓa haɗa Zariya da Jos, aka rufe shi a 1957.