Direban siriyal a kanel ɗin Linux: bar babbar lamba a sifili

Duk wanda ya zauna rubuta direban UART a Linux, wato manhajar kanel mai sarrafa kafar siriyal, zai tarar da gurabe biyu a cikin struct uart_driver, wato major (babbar lamba) da minor (ƙaramar lamba). Da yawa sukan leƙa direban da ke kusa su kwafi lambarsa, sai daga baya abin ya dame su. Shawarata ita ce a bar major a sifili, a mai da hankali kan suna da lambar layi, domin su ne mai amfani yake gani.

Kowace na'ura a /dev tana da lambobi biyu. Babbar lamba tana nuna direban da ke riƙe da ita, ƙaramar kuma tana nuna wace kafa ce a hannun direban. A cikin kanel an haɗa su a dev_t mai bit 32: 12 na babba, 20 na ƙarama. A da ana raba su ne da hannu, kuma rajistar tana nan a Documentation/admin-guide/devices.txt. A can za ka ga ttyS0 a 4:64, domin 0 zuwa 63 na babbar lamba 4 na konsol ɗin fuskar kwamfuta ne. Abin da ya rage wa ttyS a wannan rabon shi ne 64 zuwa 255, kafa 192. Su ttyUSB na kan 188, ttyACM na kan 166, sannan aka ware 204 ga ƙananan direbobin siriyal, kowa da ɗan yankinsa.

A 204 ɗin nan aka yi cinkoso. Direban PL011 na ARM yana ba ttyAMA0 lamba 204:64, direban Samsung ma ya ɗauki 204:64 ga ttySAC0. Shekara da shekaru babu wanda ya ji a jikinsa, saboda kowane allon na'ura (board) da kanel ɗinsa ake gina masa. Da aka fara gina kanel guda mai tashi a kan allunan ARM daban-daban, daga siga ta 3.7 a 2012, sai aka wayi gari direbobin biyu suna iya zama cikin kanel ɗaya. Kowannensu yana kiran uart_register_driver tun lokacin loda shi, ko na'urarsa tana kan allon ko babu. Wanda ya riga ya kama lambar, na biyu kuma register_chrdev_region ya mayar masa da -EBUSY. Idan wanda ya makara shi ne mai UART ɗin gaske, allon zai tashi ba kafar siriyal. Maganin da aka yi shi ne ɗage rajistar zuwa cikin probe, wato aikin direba da kanel ke kira idan ya gano na'urar, ta yadda sai an ga na'urar sannan a nemi lamba. Ba a canja lambobin ba, domin akwai tsofaffin tsare-tsare da suka dogara da su.

Sabon direba ba ya bukatar wannan wahala. Idan major sifili ne, uart_register_driver zai miƙa wa tty_register_driver, shi kuma ya kira alloc_chrdev_region maimakon register_chrdev_region. Kanel zai duba daga 254 yana sauka zuwa 234, in duk an kama ya koma daga 511 zuwa 384 a sigogin yanzu. Ya kan ware maka ƙananan lambobi daidai adadin nr, wato yawan kafofin da ka ayyana a uart_driver, farawa daga abin da ka sa a minor, wanda shi ma ka bar shi sifili. Haka fsl_lpuart mai ttyLP da msm_serial mai ttyMSM suke yi.

Wani abu da ke rikita mutane: lambar da aka ba ka ba ta dawowa cikin uart_driver. Za ka ga major ɗinka har yanzu sifili. Ana rubuta ta ne a tty_driver da ke rataye da shi, don haka a can za ka karanta in kana son buga ta. Daga waje kuwa, /proc/tty/drivers zai nuna suna da babbar lamba da iyakar ƙananan, /sys/class/tty/ttyLP0/dev kuma ya ba ka su biyun a layi ɗaya.

Fayil ɗin /dev ba ya fitowa lokacin rajistar direba. Sai an kira uart_add_one_port ga kowace kafa, sannan devtmpfs, tsarin fayil ɗin da kanel ke cika /dev da shi, ya ƙirƙiri fayil da lambar da ta dace. A nan ne port->line yake da muhimmanci, domin shi ne lambar da ke bin bayan suna, kuma dole ya gaza nr, in ba haka ba za ka sami -EINVAL. Kada ka raba shi bisa wanda ya fara shiga probe. Jerin probe yana sauyawa da zarar wata kafa ta jira agogo ko fil ɗinta ta dawo da -EPROBE_DEFER, wato a sake gwada ta daga baya, sai ka ga modem ɗin da ke ttyXX1 jiya ya koma ttyXX2 yau. Karanta laƙabin serial0, serial1 daga bishiyar na'urori (device tree, bayanin kayan da ke kan allon) da of_alias_get_id. In babu laƙabi, sai ka nemi lamba da IDA, mai raba lambobi na kanel, ka kuma tabbata ba ta taka wadda wani laƙabi ya riga ya riƙe ba, kuma ka mayar da ita a remove.

Konsol ba ruwansa da wannan sauyi. Abin da ka rubuta a console= ana gwada shi ne da suna da lambar layi da ke cikin struct console, shi kuwa /dev/console kullum 5:1 ne.

Inda ake cin karo da matsala shi ne duk wurin da aka rubuta lambar a ajiye. Tsarin fayil mai /dev da aka gina da mknod tun wajen haɗa hoton tsarin (image) shi ne na farko: babbar lambar tana bin jerin da direbobi suka yi rajista, don haka ƙara modul ɗaya da ke rigan naka loduwa ya isa ya ture ka daga 243 zuwa 242. Fayil ɗin yana nan da sunansa, amma buɗe shi zai ba da ENXIO, ko mafi muni ya kai ka ga direban wani. A kunna CONFIG_DEVTMPFS, a kuma tuna cewa CONFIG_DEVTMPFS_MOUNT ba ya aiki a cikin initramfs, ƙaramin tsarin fayil na farkon tashi. A can sai init, shirin farko da kanel ke tayarwa, ya ɗora devtmpfs a /dev da kansa. Haka dokokin cgroup masu ba kwantena (container) izinin taɓa na'ura da aka rubuta da babbar lamba: za su yi aiki yau, bayan sabunta kanel su hana shiga. Loda modul ta laƙabin char-major shi ma ya tafi, tunda babu lambar da za a sani tun da wuri; modalias, wato laƙabin da ke haɗa na'ura da modul ɗinta, na bishiyar na'urori ko ACPI ko USB ne zai jawo modul ɗin.

Tsohon direba da ya riga ya shiga hannun jama'a da tsayayyar lamba kuwa, ban ga dalilin taɓa shi ba. Akwai alluna a masana'antu da ke tashi da /dev na dindindin, kuma sauya musu lamba karya musu tsari ne. In rikici ya taso, a bi hanyar PL011: rajista a probe na farko, a duba ko gurbin state na uart_driver ya cika kafin a sake kira, a kuma kare wannan dubawar da makullin mutex idan probe biyu za su iya gudana tare.