Tarihin Rayuwata, Kashi Na Tara: Zanen Ibrahim El-Salahi

A makon jiya na tsaya ne a daidai lokacin da na fara karatun zane, ina kwaikwayon ayyukan Turawa ba tare da na ji sun shiga jinina ba. Wanda ya fitar da ni daga wannan hali shi ne Ibrahim El-Salahi, mai zane ɗan ƙasar Sudan, wanda na fara ganin ayyukansa a wani littafi na malaminmu.

An haifi El-Salahi a Omdurman a 1930, a gidan malamin makarantar allo, kuma ya yi karatu a makarantar koyon zane ta Slade da ke Landan daga 1954 zuwa 1957. Da ya koma gida ya baje zanen da ya koyo a Turai, mutanensa ba su karɓe shi ba, shi kuwa bai zarge su da jahilci ba. Ya koma ga abin da idonsu ya saba da shi, wato rubutun Larabci, ya riƙa jan baƙaƙe yana lanƙwasa su har fuskoki da tsuntsaye da jinjirin wata suka fito daga cikinsu, a launin ƙasa da baƙi da fari. Ni da na tashi da tawada da alƙalamin kara, na kuma ga zayyana a allon sauka, sai na gane cewa abin da nake nema a waje yana cikin zauren mahaifina.

A 1975 an tsare shi wata shida a gidan yarin Kober da ke Sudan ba tare da shari'a ba, inda yake zane a ƙananan takardu yana binne su cikin yashi. Daga nan ya samo salon fara aiki daga guntu ɗaya, ya yi ta ƙara wasu har zanen ya girma. Bayan ya zauna a Katar da Oxford, ya daɗe yana zana itacen gawo, wanda ke zubar da ganye da damina, kuma a ganina nan ne gwanintarsa ta kai ƙarshe. A 2013 Tate Modern, gidan baje kolin zane da ke Landan, ya baje ayyukan rayuwarsa.

Na fara haɗa tawadar kaina da gawayi da ƙaro, na ajiye fentin mai. Yadda mahaifina ya karɓi zanena na farko, shi zan kawo mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.