Hosta a inuwar dogon yaro

Bara na dasa hosta, wani tsiron ado, iri biyu a ƙarƙashin dogon yaron gidanmu da ke Mabera a Sakkwato, saboda ganin cewa tsiro ne mai son inuwa. Na zaɓi irin da ake kira Halcyon don shuɗin ganyensa, sai dai shuɗin nan wani kaki ne a saman ganyen, kuma zafin Afrilu, da ya haura digiri 40, ya narkar da shi kafin ganyen ya ƙone. Ɗaya irin, Royal Standard, mai farar fure da ƙamshi ya fi jurewa. Asalin hosta Japan ne da Koriya da Sin, inda yake barci makonni cikin sanyi mai tsanani, abin da hunturunmu bai kai ba. Bana tukunya ɗaya ce kawai ta toho.