Kwaɗon Ƙofar Baya

Makon farko da na kama aiki a sashen kula da gine-gine na wani asibiti, shugabana ya dire mini fayil mai kauri a tebur, ya ce jami'an hukumar kashe gobara suna tafe duba gini, in tabbatar komai ya cika. Ni a lokacin aikin ƙidaya na ɗauke shi. Na bi ɗaki-ɗaki ina lissafa tukwanen kashe gobara, ina duba ranar da aka yi musu ɗuri, ina leƙa allurarsu ko tana kan kore. Har bokitan yashi na sa aka sake wa jan fenti. Jami'ai suka zo, suka zaga, suka sa hannu. Na koma gida ina jin ni ma na isa.

Ba a yi sati biyu ba gyaran famfo ya tsare ni har dare a ɗakin kwanciyar mata. Da na gama sai na nufi ƙofar baya, wadda ke da koren allon fita a samanta. Sarƙa na tarar, da ƙaton kwaɗo irin na shagon kasuwa. A gindin ƙofar wata mai jinya ta shimfiɗa tabarma, ga kwanuka, ga buta, ga filas. Na tambayi sistar da ke aikin dare ina mabuɗi.

"Yana wurin Baba maigadi, Injiniya."

"Shi Baban yana ina?"

"Ƙila ya leƙa bakin get wurin mai shayi."

Ranar dubawa kuwa da idona na ga ƙofar nan a wangame. Ashe domin baƙi aka buɗe ta, suna juya baya kwaɗo ya koma.

Da safe na je wa shugabar ma'aikatan jinya da zafina. Ta bar ni na gama tas, sannan ta ce, "Ɗana, ka tambayi abin da ya kawo kwaɗon? Ta nan aka fita da fankoki biyu. Ta nan wayoyin marasa lafiya suke bi. In ka cire shi yau, gobe wani zai sayo sabo da kuɗin aljihunsa." Gaskiyarta. Duk inda ka ga an karya ƙa'idar gobara a asibiti, akwai wata damuwa da ta fi gobarar kusa da mutane: sata, zafi, ƙarancin soket, rashin wurin ajiya. Wanda ya zo da doka kawai bai taɓa damuwar ba, ranar dubawa kaɗai za a yi masa biyayya. Maganin ƙofar dai sananne ne, irin mai sandar ƙarfe da ake dannawa daga ciki ta buɗe, daga waje kuma ba ta buɗuwa, da ƙararrawa a jikinta. Sai da aka yi watanni kafin kuɗinta ya fito. Kafin nan mabuɗi ya dawo aljihun sistar da ke kan aiki, ana miƙa shi tare da mabuɗin akwatin magani a kowane canjin aiki.

Daga baya, a wani kwas, na fahimci abin da ya raba asibiti da sauran gine-gine. A kasuwa ko makaranta, in wuta ta tashi, kowa ƙafarsa ce za ta fisshe shi. A asibiti akwai wanda aka yi wa allurar barci an buɗe cikinsa, akwai mai karaya an rataye masa ƙafa, akwai bakwaini a cikin kwalba. Shi ya sa ƙa'idojin ginin asibiti na Amurka da Ingila ba su dogara da fitar da kowa waje ba. Ana raba kowane hawa gida-gida da bango da ƙofofin da za su tare wuta da hayaƙi na minti 30 ko 60, a tura gadaje daga ɓangaren da ya kama zuwa na kusa, ba tare da an taka matattakala ba. Duk dabarar ta rataya ne a kan ƙofar nan ta kasance a rufe. Mu kuwa, saboda zafi da masu turin gado, rabin bulo ake sa mata a gindi. Mai sa na'urar sanyaya ɗaki ma yakan huda bangon ya wuce da bututu, ya bar rami kamar na gafiya, ya karɓi kuɗinsa. Hayaƙi ba ya buƙatar fiye da haka. A asibitin AMRI na Kolkata a Indiya, a Disambar 2011, a ƙarƙashin ƙasa wutar ta tashi inda aka jibge kaya, amma hayaƙi ne ya haura benaye ya kashe kimanin mutum 90, yawancinsu a kan gadajensu.

Oksijin ne abin da na fi raina wa wayo kafin in san shi. Shi kansa ba ya kamawa, amma iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari kawai take ɗauke da shi, in ya ɗan ƙaru a rufaffen ɗaki sai zanin gado da katifa su ci kamar an zuba musu fetur. Maiƙo kuma abokin gabarsa ne, in suka haɗu wuta na iya tashi. Ka tuna lokacin hunturu, kowa hannunsa sharkaf da basilin, a haka wani zai je ya murɗa kan tukunyar oksijin. Ranar 24 ga Afrilun 2021 tukunyar oksijin ta fashe a asibitin Ibn al-Khatib na Bagadaza, inda ake jinyar masu korona, mutum 82 suka rasu.

Wanda ya hana ni barci shi ne na Tivaouane a Senegal, a Mayun 2022. Jarirai 11 suka mutu a ɗakin sababbin haihuwa, aka ce wayar wuta ce ta haɗu. Shugaban ƙasar na lokacin, Macky Sall, ya sauke ministan lafiya. Ni dai washegarin da na ji labarin, ɗakin jariranmu na fara shiga, na durƙusa na leƙa bayan kwalaben. Doguwar soket ɗaya ta kasuwa na gani, an cusa mata kwalba biyu, da fitilar jarirai masu ciwon shawara, da hita, da cajar waya. Na taɓa ta, zafi rau, robar har ta soma canza kala. Takardarmu ta shaidar bin ƙa'ida kuwa tana rataye a ofis cikin gilashi, ba ta ƙare ba. A satin muka ja wa ɗakin sabon layi mai nasa abin katse wuta.

Atisayen farko da muka yi abin dariya ne, in ba don abin da yake nufi ba. Muka kwantar da wani leburanmu a gado a matsayin marar lafiya. Gadon ya maƙale a baranda saboda bencin masu jinya. Wata nas mai shekara goma a bakin aiki ta rungumo tukunyar kashe gobara tana ta matsawa, ba ta san sai an zare fil ba. Wani ya sheƙo da bokitin ruwa zai watsa wa allon wutar lantarki. Babu wanda ya san inda ake rufe bututun oksijin na ɗakin, har da ni sai da na koma na duba zane.

Yanzu da dare nake zagayena, ba sanarwa. Makon jiya na sake tarar da rabin bulo a gindin ƙofar ɗakin maza. Na sunkuya zan ɗauke, sai sista ta ce, "Injiniya, kwana uku ke nan fankar nan ba ta juyawa." Na ɗaga kai na duba, haka ne. Na fita da bulon a hannu, da sassafe na turo mai gyara.