Hannu uku a kan kati ɗaya

Shagonmu na zane da buga takardu yana Jekadafari a Gombe, amma rabin aikin ba a cikinsa ake yi ba. Mu uku ne. Ni ke tsara rubutu, ƙanena na gyaran hoto da Photoshop daga Kumo, yaron da na koya wa aiki kuma yana kan injin buga bana. A da sai an jefa filash a aljihu an shiga mota. Yanzu komai na Google Drive, kowa ya gama nasa ya ɗora. Katin biki da aka kawo da hantsi, kafin la'asar ya bi ta hannunmu duka.

A wurin wani dattijo mai rubuta allon shaguna na fara, da buroshi da fentin gwangwani. In harafi ya karkace ba ya faɗa, tsumma da kananzir kawai zai miƙo maka. Shi ya buɗe mini ido a kan tazarar haruffa, har yau ita nake fara dubawa a CorelDRAW, manhajar da nake tsara rubutu da ita.

Aikin tare yana da sharuɗɗa, kuma da asara muka koye su. Wata rana na tura kati ban danna Ctrl+Q na mayar da rubutun zane ba. Kwamfutar yaron ba ta da salon harafin da na yi aiki da shi, sai ɗ ta ɓace, "ɗaurin aure" ya fito "aurin aure", kati ɗari biyar. Daga aljihuna aka sake bugawa. Tun ranar ba mai tura fayil sai ya mayar da rubutu zane, launi kuma a CMYK, wato tsarin launin injin bugawa, don koren da ke sheƙi a fuskar waya yana hawa takarda yake dusashewa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mai zuwa ya ce, "Malam, ai yaron unguwarmu da Canva yake yi a waya, kuɗin katin waya kawai." Ban raina Canva, manhajar zane ta waya, ba. Amma hoton ango da WhatsApp ya matse, a ja shi a bana mai ƙafa goma, fuska sai ta dagargaje kamar an yi ta da bulo. Masu bikin su dawo wurinmu ana gobe biki, a gyara. Jiya ma sai da na tashi ƙanena da sha ɗayan dare a kan irin wannan.